Ajin Asabar na yara masu saurin zuciya a Jos: abin da na biya da abin da na samu

Ranar da na yanke shawarar nemo wa Abba taimako, almakashin ɗinkina ya ɗauka ya jefi ƙanwarsa da shi. Allah ya tsare bai same ta ba, sai ya daki murfin kwaba ya faɗi ƙasa. Abin da ya haɗa su bai taka kara ya karya ba, marfin kwalbar lemo ɗaya ta ɗauka cikin waɗanda ya jera a tsakar ɗaki yana cewa motocinsa ne. Na taso daga kan keken ɗinki, na cire silifas, na zane shi har sai da hannuna ya gaji. Ya yi ta kuka har barci ya ɗauke shi a bayan ƙofa. Ni kuma na zauna ina kallon shatin da almakashin ya bari a jikin katako, daidai tsayin idon yarinyar, jikina yana ɓari. Shekararsa 7 kacal.

Abba ba mugun yaro ba ne, wannan ne ma abin da ya fi ci mini rai. Duk wanda ya buga, shi ne zai fara zuwa ya rungume shi yana hawaye. Zuciyarsa ce a kusa, kuma hannunsa yana riga tunaninsa. A makarantar boko an ce ba ya zama wuri ɗaya, yana amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. A Islamiyya sau uku aka aiko a kira ni cikin zango ɗaya. Mun yi tofi, mun yi rubutu, kuma har gobe ina yi masa addu'o'in tsari safe da yamma. Hajiya surukata ta ce ƙiriniyar maza ce, ubansa ma haka ya tashi. Maigida ya ce bulala ce ba ta ishe shi ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni dai abin da nake gani a gabana shi ne iccen ya kusa karyewa, tanƙwarar kuma ba ta samu ba.

Wata ma'aikaciyar jinya da nake yi wa ɗinki ce ta ba ni labarin wani wuri da ake yin ajin Asabar na yara masu saurin zuciya. Ta zo awo ta tarar yana birgima a ƙasa saboda na karɓe wayata daga hannunsa. Ba ta ce komai ba sai da za ta tafi, ta rubuta mini lamba a bayan takardar awo. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin akwai abubuwan da zan soka, kuma ba na son maganata ta zama tozarci ga macen da ke neman halalinta. Wanda ke cikin Jos kuma yake da irin wannan damuwa, in ya tambayi iyaye 'yan uwansa zai samu.

Gidan haya ne a tsakiyar gari, ba nisa da Terminus. Daga Rikkos Keke Napep biyu nake hawa. Inda wurin yake ma abin yabo ne, don mu mutanen Jos mun san ba kowace unguwa mutum ke shiga da yaro hankali kwance ba. Nan kuwa kowa yana iya zuwa. A ajinmu akwai iyaye daga Angwan Rogo, da Gangare, da Tudun Wada, da wani mutum da ke tahowa tun daga Bukuru. An kwashe kujerun falon, an shimfiɗa leda da 'yan katifu marasa kauri, babu talabijin, bango kuma kusan ba komai a jikinsa. Da farko na ɗauka rashin kuɗi ne. Malama ta ce da gangan ta bar shi haka, yaron da idonsa ke tsalle daga nan zuwa can ba ya bukatar ƙarin abin kallo. Yara 8 ne a rukuni, 'yan shekara 6 zuwa 9, da ita da mataimaka biyu. Ana shiga ƙarfe 10 a tashi 12, Asabar 8 a jere, a kan naira 40,000, kuma ta yarda a biya kashi biyu. Ita Malamar ta karanci koyar da yara masu bukata ta musamman ne a Jami'ar Jos, wadda ta daɗe da yin suna a wannan fanni.

Kafin a karɓi yaro sai uwa ko uba ya zo shi kaɗai an zauna. Na je da jerin laifuffukansa a kaina, na fara zubowa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Maman Abba, na ji abin da ya yi. Kafin ya yi jifan, me ya faru?" Na yi shiru. Shekara da shekaru ina tambayar me ya yi, ban taɓa tambayar abin da ya gabata ba. Ta bi ni da tambayoyi, ƙarfe nawa yake kwanciya, me yake ci kafin ya tafi makaranta, wa ke yin tsawa a gidan, yaushe ake ba shi waya. Ta ba ni littafin rubutu mai shafi 40 ta ja layi huɗu: lokaci, abin da ya faru kafin, abin da ya yi, abin da ni na yi. Layin nan na huɗu ya fi kowanne wuyar cikewa.

Cikin mako biyu littafin ya nuna mini abin da ke gaban idona ban gani ba. Yawancin rigimar tana faɗowa ne tsakanin dawowarsa daga boko da tafiyarsa Islamiyya, ga yunwa ga gajiya ga ni ina ta "yi sauri, yi sauri". Sauran kuma bayan isha'i. Mu da wuta ta fi zuwa da dare, a lokacin nake yin aikin da ke bukatar injin lantarki, yara kuma suna nan zube a gefena har 11, sannan in tashe su da asuba. Wato yaron ba ya samun ko awa 7. Malama ta ce likitocin barci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kullum, kuma yaron da barci bai ishe shi ba sau da yawa ba gyangyaɗi yake yi ba, rawar kai yake ƙarawa. Wannan gyara kaɗai, na kwantar da su ƙarfe 8 da rabi, da ajiye masa ɗumame ya ci kafin a yi masa maganar allo ko jaka, ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da nake rubutawa.

Yadda ta yi mana bayanin ƙwaƙwalwa ya zauna mini. Ta ɗora tafin hannunta a goshi ta ce, bayan nan ne birkin mutum yake, shi ke cewa "dakata, ka yi tunani". Shi ne kuma ɓangaren da ya fi jinkirin nuna, ba ya kammala sai mutum ya kai wajen shekara 25. Can ciki kuma akwai wani ɗan ɓangare mai buga ƙararrawa in an ji tsoro ko an ji haushi, shi tun yaro yana jariri yake aiki. Ta ce yaro kamar sabon Keke Napep ne da aka ɗaura wa inji mai ƙarfi, birki kuma bai gama kamawa ba, wasu nasu yana kamawa da wuri, wasu sai a hankali. Idan ƙararrawar tana kaɗawa, wa'azi ba ya shiga, tsawa kuma ƙara kaɗa ta take yi. Sai an jira ta yi shiru.

Abin da ake yi da yaran a ciki, ta taga muke leƙawa. Mafi yawansa wasa ne, har wata uwa ta yi ƙorafi a mako na biyu cewa ita ba ta biya kuɗi don a yi wa ɗanta wasa ba. Wasan da ya fi burge ni namu ne na gida, jini-jini. Duk wanda ya tashi a unguwar Hausawa ya san shi. Mai bayarwa ya ce "Jini, jini!" a ce "Ja!" "Akuya da jini?" "Ja!" "Kaza da jini?" "Ja!" Ana cikin sauri sai ya jefo "Dutse da jini?" Wanda bakinsa ya suɓuce ya ce "ja", a zamaninmu rufe shi ake yi da duka. Malama ta cire dukan, wanda ya faɗi shi zai karɓi bayarwa a zagaye na gaba. Ta ce masu bincike a ƙasashen Turawa suna da wasanni irin wannan da suke auna iya tsayar da kai da su, namu kuma ga shi tun kaka da kakanni, yara sun daina yi ne kawai tun da waya ta shigo. Aikin wasan shi ne baki ya riga ya saba da amsa ɗaya, sai a tilasta masa ya tsaya a tsakiyar gudu.

A Asabar ta farko Abba bai taɓa wuce dutsen farko ba. Da ya faɗi sai ya tashi ya shuri katifa. A ta shida ina tsaye a taga, mataimakiyar tana bayarwa da sauri, saniya, tunkiya, zabo, sai ta ce "Tabarma da jini?" Na ga bakinsa ya buɗe, haƙoransa sun haɗu za su fitar da "ja", sai ya kai hannu biyu ya toshe bakin, idanunsa suka fito waje. Ya riƙe. Da ya gane ya tsira sai ya faɗi rigingine yana dariya. Na juya baya na share hawaye da gefen mayafi, don a karon farko na ga birkin nan da ake faɗa da idona.

Akwai kuma numfashin kunu. Yaro ya haɗa tafukan hannu kamar yana riƙe da kofi, ya shaƙi ƙamshin kunun gyaɗa ta hanci a hankali, ya hura shi ta baki ya huce, sau biyar. Da kwalbar ruwa da aka zuba wa jar ƙasa, a girgiza ta ta dame, a ce wa yaro "haka kanka yake in ka yi fushi", sai a ajiye a zauna ana kallo har ƙasar ta kwanta ruwan ya washe. Da katin danja, ja tsaya, ruwan ɗorawa yi tunani, kore tafi. Danjar ba ta kama Abba ba ko kaɗan. Kunun ne ya kama shi, wataƙila don yana son sa.

Inda na fara samun saɓani da wurin shi ne katunan fuska. Malama ta sayo su ne daga waje, hotunan yaran Turawa, a ƙasan kowanne an rubuta sunan yanayin da Turanci, wasu kalmomin ni kaina sai na duba waya. Yaron da yake fushi da Hausa, yake kuka da Hausa, ta yaya za a ce ya faɗi damuwarsa da harshen da sai ya tsaya ya lalubo? Na faɗa mata gaba da gaba. Kuma Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Fushi daban, haushi daban. Takaici shi ne ka yi iya ƙoƙarinka abu ya ƙi, ko a cuce ka ba ka da yadda za ka yi. Ɓacin rai yana iya zuwa ba tare da hayaniya ba. Ga ƙosawa, ga gundura, ga kishi, ga fargaba, ga kunya wadda a wurin yaranmu sau da yawa ita ce ke juyewa ta koma duka. Da na lura sosai, rabin abin da muke kira fushin Abba takaici ne, igiyar takalmi ta ƙi ɗauruwa, ko harafi ya ƙi fita daidai a allo. A yaba mata, ba ta yi gardama ba. Mako na gaba ta kawo kwali da alƙalami, mu iyaye muka zauna muka rubuta namu, mutumin Bukuru ya ƙara na yarensu a gefe. Amma wannan aiki ne da ya kamata a ce an yi shi tun kafin a buɗe ƙofa a garin da Hausa ce harshen kasuwa da na wasan yara.

Minti 40 na ƙarshe na iyaye ne, kuma dole ne. Yara su fita tsakar gida da mataimaka, mu mu shiga mu zauna a kan katifun nan. In za a tambaye ni, nan kuɗina suka tafi, nan kuma suka biya ni.

A zama na uku Malama ta ba mu labarin gwajin alewa. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Walter Mischel a Jami'ar Stanford ta Amurka ya riƙa zaunar da ƙananan yara ɗaya bayan ɗaya, a ajiye wa yaro alewa guda a gabansa, a ce masa in ya jira babba ya dawo, kamar minti 15, zai samu biyu. Wasu suka jira, wasu suka cinye nan take, aka daɗe ana ɗaukar abin a matsayin ma'aunin haƙurin yaro. Bayan kimanin shekara 40, wata mai bincike, Celeste Kidd, a Jami'ar Rochester ta sake gwajin da yara 28, amma ta yi wani abu kafin a kawo alewar. An ba kowane yaro tsofaffin kayan zane, aka ce ya jira za a kawo masa sababbi masu kyau. Rabinsu aka kawo musu, rabi kuma aka dawo hannu biyu aka ba su haƙuri. Da aka zo kan alewa, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3 kawai.

Ta gama ta yi shiru. Falon ma ya yi tsit, domin kowa ya san inda maganar ta dosa. "Yi shiru, in na dawo zan sayo maka alewa." "Je ka sa takalminka mu tafi tare," yana shiga ɗaki ka sulale. "Ba ni wayar, minti biyar zan dawo maka da ita." "Ga Dodo nan zai kama ka." Mu ba ma kiran wannan ƙarya, cewa muke yi an yi wa yaro wayo. Na koma gida na ƙirga, a yini ɗaya na yi wa Abba alkawari shida, ɗaya na cika. To yaron da ya gane "anjima" ba ta zuwa, me zai sa ya jira? Abin da ke hannunsa yanzu shi ne nasa, in bai ƙwace ba ya rasa. Daga ranar na rage alkawari ƙwarai, wanda na yi kuma ko ana ruwa sai na cika. In ba zan tafi da shi ba, in durƙusa in ce masa "ba zan tafi da kai ba, zan dawo kafin la'asar", ya yi kukansa a gabana. Kukan ya fi yawa a farko. Amma yanzu in na ce "bayan na gama wannan hannun rigar", yakan tsaya yana kallon hannun rigar, ba ya fizge ni.

Malama ta sa sharaɗin uba ya halarci aƙalla zama biyu. Da ƙyar na shawo kan maigida ya rufe shago ya zo. Ya saurara, sannan ya ce, "Malama, mu da bulala aka raine mu, ga mu kuma mun zama mutane." Ba ta musa masa ba. Ta ce, "Haka ne, Alhaji. Yau shekara nawa kuna dukansa a kan wannan halin?" Ya ce za a yi uku. "Ya ragu?" Bai amsa ba. Ta ce, "Bulala tana tsayar da shi in kuna tsaye a kansa. Ni abin da nake nema shi ne abin da zai tsayar da shi ranar da ba kwa nan." Ita Kirista ce, amma sai ta juyo ta tambaye mu Musulmin da ke wurin me addininmu ya ce mai fushi ya yi. Wani dattijo daga Gangare da ya kawo jikansa ya karanto hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa in ɗayanku ya yi fushi yana tsaye to ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kwanta. Ta ce to ai abin da take koya wa yaran ke nan, a fara da jiki, zuciya za ta biyo baya. A hanyar komawa gida maigida bai yi magana ba har muka kusa sauka, sai ya ce, kamar da kansa yake, "Anas ɗan Malik shekara 10 ya yi yana yi wa Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam hidima, bai taɓa ce masa tir ba, bai taɓa cewa don me ka yi kaza ba." Ba zan ce ya ajiye dorina gaba ɗaya ba. Amma ta sauka daga kan ƙusa ta koma saman kwaba.

Malama ta gargaɗe mu cewa abin zai ƙara lalacewa kafin ya gyaru, domin yaron da ya saba ihu yana buɗe masa ƙofa zai ƙara ƙarfin ihun in ya ga ta ƙi buɗuwa. Namu ya zo a mako na huɗu, a kasuwar Farin Gada. Na je sayen kabeji da karas da dankali, wani mai talla ya wuce da motocin roba. Tun a gida na faɗa masa yau ba za a sayi abin wasa ba. Ya nema, na ce a'a. Ya kwanta a ƙasa tsakanin buhunan dankali, cikin laka da ganyen kabeji, yana harba ƙafa yana ihu. Nan da nan aka taru. "Hajiya ki zane shi mana." "An sangarta shi ne." Wani ya ce nawa ne motar, shi zai biya. Fuskata ta ɗau zafi, hannuna har ya kai kan silifas. Na tsuguna kusa da kansa na ce, "Ranka ya ɓaci, kana son motar. Ba za a saya yau ba. Ina nan." Ban ƙara kalma ba. Wata tsohuwa mai tumatir ta turo mini ɗan bencinta da ƙafa ta ce, "Zauna, 'yata, ƙyale su." Na zauna ina hura nawa kunun a ɓoye cikin mayafi. Ya fi minti 10. Ihun ya koma kuka, kukan ya koma shessheƙa, ya mirgino ya ɗora kansa a kan ƙafata. Tsohuwar ta miƙo ruwa a buta na wanke masa fuska. Ya ɗauki ledar karas da kansa muka tafi.

Sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba, ga su a taƙaice. Ba a taɓa farawa ƙarfe 10 daidai ba, ana jiran masu makara, mu da muka zo da wuri kuma yaranmu sun riga sun ƙosa kafin a shiga. Wurin da ke koyar da cika alkawari bai kamata ya yi haka ba. Mataimakiyar da Abba ya shaƙu da ita ta bar aiki a mako na biyar ba tare da an shirya yaran ba, ranar ya ƙi shiga sai da ƙyar. Banɗaki ɗaya ne, ruwa kuma sai an ɗebo. In ka rasa Asabar ɗaya ba a rama maka. Agogon yashi na minti 3 da ta sayar mini naira 3,500, don ya riƙa ganin tsawon jira da idonsa, gilashinsa siriri ne, bai yi mako biyu ba ya fashe. Dabarar tana da kyau, kayan ne ba na hannun yara ba. Zauren WhatsApp na iyaye kuma ya cika da tallan atamfa da turare har saƙon Malama yana ɓacewa. Babbar damuwar ita ce kuɗin. In aka haɗa da na mota, yawancin matan layinmu ba za su iya ba, kuma a cikinsu akwai masu yaran da suka fi Abba bukata.

Abu ɗaya da ya ƙara mata daraja a idona, ba ta sayar da magani, ba ta kuma laƙaba wa yaro sunan cuta. A mako na shida ta kira ni gefe ta yi mini bayanin larurar da likitoci ke kira ADHD, ta rashin tattara hankali da yawan motsi da aikata abu kafin tunani, wadda ke samun kimanin yara 5 cikin 100 a duniya. Ta ce ba a yanke hukunci sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun daɗe aƙalla wata 6, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, ba gida kaɗai ba. Ta ce, "Maman Abba, wannan ba aikina ba ne, na likita ne. Ki ci gaba da littafin wata uku. In har yanzu boko da Islamiyya suna kuka da shi, ku je asibitin koyarwa da ke Lamingo, ki tafi da littafin." Na ce ai mutane za su ce na kai ɗana wurin likitan mahaukata. Ta ce ai ba a jin kunyar kai yaro a auna masa ido a ba shi tabarau. Ta kuma rubuta wa malaminsa na aji takarda, aka dawo da shi layin gaba, aka ba shi aikin goge allo da raba littattafai don ya samu dalilin tashi.

Hajiya ta zo kwana uku a ƙarshen Nuwamba, ta ga kusurwar da na yi masa a bayan keken ɗinki, da 'yar tabarma da kwalbar jar ƙasa, ta ji ana jini-jini bayan magariba. Ta ce, "'Yar nan, wannan ai abin da muka sani ne, kuɗi kawai kuka kai." Tana da gaskiya ta wani gefen. Wasan namu ne, kwanciya da wuri namu ne, hadisin namu ne. Sai dai ni ban haɗa su ba sai da wata ta zaunar da ni ta ja mini layi huɗu a littafi. Daren nan Hajiya ce ta karɓi bayarwa, ta ɗora da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ba wanda ya tuna da waya.

A mako biyun farko na rubuta rigima 17 a littafin. A mako biyun ƙarshe, 6. Ba a ce ya zama wani yaro daban ba. Talatar da ta wuce ya ture ƙanwarsa ta fasa leɓe, na yi masa tsawar da har maƙwabta suka ji, daga baya na je na ba shi haƙuri a kan tsawar, shi kuma ya wanke mata silifas ɗinta ya jera. Ranar Alhamis ina tsakiyar ɗinkin anko, ta sake taɓa masa marafan nan. Na ji shiru, na ɗago. Yana tsaye, hannayensa a dunƙule, wuyansa ya kumbura. Ya ce, "Umma, cikina yana tafasa." Ya bi ta bayan keke ya zauna a kan tabarmarsa, ya girgiza kwalbar da ƙarfi ya dire ta. Ban tsayar da ƙafata a kan feda ba, don kada ya ga ina kallo.

Na biya rabin kuɗin zango na biyu da za a fara a Janairu, bayan na roƙi Malama ta riƙa rufe ƙofa ƙarfe 10 da kwata, ta kuma yi tunanin ware gurbi biyu na rangwame. Mai niyyar zuwa ya sa wa yaro suwaita da safa, ledar falon nan ƙanƙara ce da hunturu, ya kuma ba shi abinci ya ƙoshi kafin su fito. Agogon yashi kuwa, na roba za a nema.